Magani Ko Cin Amana?

Akwai wata cuta da ake kira gigin tsufa. Mai ita yakan manta hanyar gidansa, har ya dubi matar da suka yi shekara 40 tare ya ce ɓarauniya ce. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irinta da ya fi yawa, ya nuna ciwo ne mai cin ƙwaƙwalwa, ba mugun hali ba.

Wani lokaci ciwon yakan kai mutum ga zagi da duka. Likita ya rubuta ƙwayar kwantar da hankali, matar ta ba mijin. Gida ya yi shiru, amma zuciyarta ba ta yi ba. Tana ganinsa zaune yana gyangyaɗi da rana tsaka, sai ta ce a ranta, "Shin don shi na yi wannan, ko kuwa don kaina?"

Wannan fargaba ba ta banza ba ce. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigi. A Ingila kuwa an amince da wata daga cikinsu, risperidone, amma na mako 6 kawai, bayan wasu dabaru sun kasa. Saboda haka magani ba shi ne na fari ba. Sau da yawa ciwon haƙori, ko taurin ciki, ko zafin fitsari, ko hayaniya ke tunzura tsoho. Da yake baki ya gaza, sai hannu ya yi magana. Wajibi ne a fara neman waɗannan.

To, in an nema ba a samu ba fa? A nan sai a tuna abu biyu. Na ɗaya, mai dukan shi ma a tsorace yake. A ganinsa wata baƙuwa ce ta zo tana tuɓe masa riga. Barinsa cikin firgita dare da rana ba jinƙai ba ne. Na biyu, jikin matar ma amana ne. In ya karya mata hannu, wa zai ba shi abinci?

Ashe ba a ƙwayar laifin yake ba, yana ga niyya da kula. Wadda ta ba da magani don a huta da tsoho, ta yi ta ƙarawa ba da sanin likita ba, lalle ta ci amana. Wadda kuwa ta ba da gwargwadon da aka ce, tana lura da barcinsa da tafiyarsa, tana komawa asibiti ta tambaya ko lokacin ragewa ya yi, wannan ta cika alkawarin aure ne. Ciwon zuciyar da take ji shi ne mai tsaronsa, muddin ta mai da shi lura, ba kuka kaɗai ba.

Dangi kuma masu cewa ta sa wa ɗan'uwansu maye, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kafin su yanke mata hukunci, kowa ya zo ya karɓi jinyar dare ɗaya, ita ta samu barci.