ASALIN BIKIN NOWEL DA BAUTAR RANA A ƘASASHEN SANYI

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya hore rana da wata, kowanne yana gudana bisa ƙa'idar da Ya ajiye masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan Disamba ta kusa ƙarewa mukan ga kantuna a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun yi ado da fitilu da koren icce na roba, yaranmu kuma su dawo daga lakol suna zancen Nowel. Ya kamata mu san mafarin abin kafin mu yi masa hukunci.

Ku sani, Linjilar da ke hannun Nasara ba ta ambaci ranar haihuwar Annabi Isa (AS) ba, ko watanta. Linjilar Luka ta ce a daren makiyaya suna kwana a fili da garkensu. Suratu Maryam kuma ta ba mu labarin cewa an umurci Nana Maryamu ta girgiza dabino ɗanyun ƴaƴa nunannu su zubo mata, dabino kuwa a Falasɗinu ba ya nuna a tsakiyar sanyi. To daga ina 25 ga Disamba ta fito?

Mu nan hunturu ba ya rage mana yini ƙwarai, ko a ranar da ta fi gajarta muna samun hasken da ya haura awa 11. A birnin Rum yinin yakan koma wajen awa 9, a Oslo ta ƙasar Norwe wajen awa 6 kaɗai. Mutumin da bai san Ubangijin rana ba, idan ya ga tana ja da baya kullum, gona ta mutu, rumbu yana raguwa, tsoro zai kama shi. Ranar 21 ko 22 ga Disamba sai ta tsaya, ta soma dawowa. Maguzawan Turai suka ɗauki wannan juyi a matsayin sake haihuwar rana, suka yi masa yanka da biki. A kalandar da Yuliyus Kaisar ya tsara, an lissafa wannan juyi ranar 25 ga Disamba.

Rumawa suna da bikin Saturnaliya, na gunkinsu Saturnu, daga 17 zuwa 23 ga Disamba. A rufe kotuna, a sha giya, a yi caca, a yi wa juna kyautar kyandir da ƴan gumakan yumɓu, har iyayengiji su zauna su yi wa bayinsu hidima. Farkon Janairu kuma a yi wa ƙofofi ado da ganye da fitilu. Malamin Nasara Tartuliyanu, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, ya yi wa mabiyansa faɗa mai zafi a kan shiga waɗannan shagulgula. A shekara ta 274 sarki Oreliyanu ya gina wa gunkin rana babban ɗaki a Rum, suna kiransa Rana Wadda Ba A Rinjaya. Wani kundin kalanda na Rum na shekara ta 354 ya rubuta 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwar wannan gunki, kuma a cikin kundin nan aka sami ambato mafi daɗewa na bikin haihuwar Almasihu a wannan rana.

Adalci wajibi ne ko a kan wanda muka saɓa da shi. Akwai masana tarihi da ke cewa Nasara ba aron ranar suka yi ba, lissafi suka yi: sun ɗauka an ɗauki cikinsa 25 ga Maris, suka ƙara wata 9. Ko da haka ne, lissafin mutane ne, ba wahayi ba, shi ya sa har yau cocin Armeniyawa ke yin bikin 6 ga Janairu. Kuma cuɗanyar ta faru, shugabanninsu ne shaida. Fafaroma Liyo na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 440 zuwa 461, ya tsawata wa Kiristocin da ke juyawa su rusuna wa rana a matakalar cocin Bitrus kafin su shiga. A shekara ta 601 Fafaroma Giregori ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan gumaka, su mayar da su coci, shanun da ake yanka wa gumaka kuma a ci gaba da yanka su don liyafar ranakun waliyyansu. Dabara ce ta jawo mutane, amma wanda ya zuba sabuwar fura a ƙwaryar da ba a wanke ba, tsamin jiya zai sha.

A arewacin Turai sunan bikin sanyin maguzawa Yul, har gobe kuwa da wannan suna mutanen Norwe da Suwed da Danmak ke kiran Nowel. Gungumen da Turawa ke ƙonawa a murhu a wannan dare, shi ne Faransawa suka mayar gato mai siffar gungume, irin wanda ake sayarwa a Yamai. Shi koren icce mai fitilu, shaidar da ake da ita ta nuna ya bayyana a Alzas da Jamus wajen ƙarni na 16, don haka kada mai wa'azi ya rantse cewa gunki ne. Abin da ya tabbata ya ishe mu. Su kansu Nasara masu tsanani sun ƙi bikin ko wasu al'adunsa: majalisar Ingila ta hana shi a 1647, a Masacuset ta Amurka aka sa tara ga mai yin sa daga 1659 zuwa 1681, a 1951 kuma aka ƙone mutum-mutumin Baba Nowel a ƙofar babbar cocin Dijon ta Faransa.

Ku dubi yadda Musulunci ya toshe wannan ƙofa. Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa tun jahiliyya, bai sauya musu suna ya bar su ba, ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Ya hana nafila lokacin hudowar rana da faɗuwarta, don kada sujadarmu ta yi kama da ta masu bauta mata. Shekararmu kuma ta wata ce, tana gaza ta rana da kwana 11 ko kusa, sai idi ya zagaya damina da hunturu da bazara, ba ya manne wa wani yanayi balle a ce don shi ake yi.

Maƙwabcinka Kirista yana da haƙƙin maƙwabtaka, ka gaishe shi, ka duba shi in ba shi da lafiya, kada ka zage shi ko ka tsokane shi ranar bikinsa. Amma kai maigida, daren 24 da daren 31 ga Disamba ka san inda ɗanka da ɗiyarka suke, domin rebeyon da samarinmu ke yi ya fi kama da Saturnaliya bisa ga ibadar kowa. Kafin mu nuna wa Turawa yatsa kuma, mu leƙa gida: buɗin daji da azna ke yi a yankin Ƙonni, da yankan da ake yi wa iskoki a gindin tsamiya, akwai masu salla da yawa da ke halartar su suna cewa al'ada ce kawai.