Clark da Maravich: wane ma'auni ne adalci?

Ranar 3 ga Maris, 2024, Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta haura maki 3,667 da Pete Maravich ya tara a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. Nan take gardama ta kaure: shin adalci ne a auna mutum biyu da mudu ɗaya alhali zamaninsu ya bambanta?

Masoyan Maravich suna da hujja. Wasa 83 kacal ya buga wa Jami'ar LSU daga 1967 zuwa 1970, lokacin da ba a barin ɗan shekarar farko ya shiga babbar ƙungiya, kuma babu jifa mai maki uku. Clark kuwa wasa 139 ta buga, ta kammala da 3,951.

Sai dai babu wanda ya zaɓi zamaninsa, kuma kowannensu ya ƙure abin da dokokin lokacinsa suka yarje masa. Abin da ya fi ciwo yana can gefe. Lynette Woodard ta ci maki 3,649 a Jami'ar Kansas zuwa 1981, kafin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta karɓi ragamar wasannin mata, don haka hukumar ba ta sa makinta a kundinta ba.