Ilimin da ba ya yin araha

A shekara ta 2020 aka rufe kwalejin Marlboro, a jihar Vermont da ke arewa maso gabashin Amurka. An kafa ta a 1946 bisa tsofaffin gonaki a kan tudu, kuma sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suna cikin ɗalibanta na farko. Ba ta taɓa tara ɗalibai fiye da ƴan ɗaruruwa ba. Sha'anin zaman yau da kullum ana yanke shi ne a taron kowa da kowa, inda ƙuri'ar ɗalibi da ta malami da ta ma'aikaci suke da nauyi ɗaya. Da ɗalibai suka ragu har kuɗinsu ya kasa ɗaukar albashi, sai aka miƙa dukiyarta ga wata makaranta a birnin Boston, aka sayar da gine-ginen. Ba ita kaɗai ba ce. Green Mountain ta rufe a 2019, Cazenovia a 2023, Wells da Birmingham-Southern a 2024, kuma waɗannan biyun na ƙarshe kowace ta haura shekara 150 tana karantarwa.

Kada kalmar kwaleji ta ruɗi mai karatu. A nan ƙasarmu makarantar da yaro yake shiga ce bayan firamare. A Amurka kuwa makaranta ce ta bayan lise, ta shekara 4, wadda takardarta take daidai da lisansi. Irin waɗanda muke magana a kansu ƙanana ne, mafi yawa ba na gwamnati ba, ɗalibai suna kwana a ciki, kuma ba sana'a guda ake koyarwa ba. Ɗalibi zai ɗanɗani falsafa da tarihi da lissafi da kimiyya da adabi kafin ya zaɓi fanninsa, a aji na mutum 12 ko 15 inda babu lungun ɓuya. Asalin tsarin tsoho ne. Mutanen Rum da na Turai bayansu sun ƙidaya fannoni 7 da suka ce sun dace da ɗa, wato wanda ba bawa ba: nahawu, manɗiƙi, balaga, sa'an nan hisabi, ilimin awo, kiɗa da ilimin taurari. Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani babban malami a Damagaram ko Katsina ya san mafi yawan sunayen nan, don kuwa gadon Girkawa ya ratso ta hannun malaman Musulunci kafin ya iso mana.

Me ya sa suke mutuwa? Dalili na farko haihuwa ce. A 2007 an haifi jarirai kamar miliyan 4.3 a Amurka. Matsalar tattalin arziki ta 2008 ta sa mutane suka rage haihuwa, har adadin ya sauko wajen miliyan 3.6 a 2023. Yaran da ba a haifa ba a lokacin, su ne kujerun da suke zama babu kowa bayan shekara 18. Mu da azuzuwanmu suke cika har bakin ƙofa, wannan matsala tana iya ba mu dariya. Na biyu, ciniki. Kuɗin karatun da ake rubutawa a takarda farashin buɗe baki ne kawai, irin na ɗan kasuwa kafin a taya. Don su jawo ɗalibai, makarantun suna yin rangwame da sunan tallafi, har matsakaicin rangwamen ga sababbin shiga ya wuce rabin farashin. Kowace tana ragewa don maƙwabciyarta ta rage, kowace kuma tana ramewa.

Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan zurfi, wanda masanin tattalin arziki William Baumol ya bayyana tun shekarun 1960. Masaƙa tana iya sayen inji ta ninka yadin da take fitarwa da ma'aikata kaɗan. Kiɗan da aka tsara wa makaɗa 4 kuwa, makaɗa 4 yake bukata yau kamar yadda ya bukata shekaru 200 da suka wuce, alhali makaɗan nan dole albashinsu ya bi tsadar zamani. Haka malamin da yake karanta rubutun ɗalibinsa layi layi, ya kira shi ya tambaye shi me yake nufi da wannan jumla. Ba a iya hanzarta wannan aiki. In aka ninka ɗaliban ajinsa sau 10 kuɗi za su sauka, amma abin da aka zo nema ya tafi. Tsadar a cikin jinin abin take.

Saboda haka mutuwar da ta fi yawa ba ta da jana'iza. A 1990 David Breneman ya ƙidaya makarantun da suka cancanci sunan, ya sami 212. Wasu masu bincike suka sake ƙidayar da ma'auninsa a 2012, suka sami 130. Kaɗan ne daga cikin waɗanda suka ɓace aka rufe. Saura suna nan da ƙofa a buɗe, da tambari da tsohon take na Latin, sai dai sun koma koyar da kasuwanci da aikin jinya da kwamfuta, sun sallami malamin falsafa da na harsuna. Ba na raina aikin jinya, kowa ya taɓa kwanciya asibiti ba zai raina shi ba. Tambayata ita ce ko makarantar da ta ceci ranta ta hanyar barin abin da aka kafa ta dominsa ta tsira ne, ko kuwa suna kawai ya tsira.

Masu sukar waɗannan makarantu suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Yaron da iyayensa ba su da hali yana cin bashi don ya yi karatu, bashin da doka a Amurka take wahalar da yafe shi ko da mutum ya karye. A ce masa ya ɗauki wannan kaya don ya karanta Aflatun, a kuma ƙi gaya masa inda zai ci abinci bayan ya gama, wannan zalunci ne da aka naɗa wa rawani. Ga kuma abin da kasuwa take yi in an bar ta: Williams da Amherst, waɗanda kowace take da ajiyar da ta haura dalar Amurka biliyan 3, ba abin da zai same su, masu neman shiga sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Masu faɗuwa su ne na karkara, waɗanda suke karɓar ɗan manomi da wanda babu mai digiri a gidansu. In aka ci gaba a haka, ilimin da aka ce na ƴaƴa ne zai koma yadda ya faro a Rum, inda masu hali kaɗai suke da lokacin tunani.

To amma me za a rasa? Afirka tana da abin cewa a nan. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah sun yi karatu a Lincoln, ƙaramar makarantar baƙar fata a Pennsylvania. Kofi Annan ya gama Macalester a 1961. Martin Luther King ya fito daga Morehouse a 1948. Ba wanda ya koya musu sana'ar da suka yi daga baya, don ba ta cikin kowane jadawali. Abin da suka samu shi ne sabon kafa hujja a gaban wanda zai musa, da jure wa tambayar da ba ta da amsa a bayan littafi. Patrick Awuah, wanda ya yi Swarthmore, ya ga darajar abin har ya bar aikinsa a Microsoft ya buɗe jami'ar Ashesi a Gana a 2002.

Tsofaffin ɗalibai sukan yi yunƙurin ceto. Antioch ta rufe a 2008, suka sake buɗe ta a 2011. Shugabannin Sweet Briar, kwalejin mata a Virginia, sun ba da sanarwar rufewa a 2015, sai matan da suka yi karatu a can suka kai ƙara kotu, suka tara dala miliyan 12 a cikin ƴan watanni, makarantar ta ci gaba. Abin yabo ne, amma ƙauna ga tsohon gida ba ta amsa tambayar ɗan talaka.

A ganina Berea ce ta amsa ta. Masu yaƙi da bauta ne suka kafa ta a 1855 a Kentucky, jihar da ake rike da bayi a lokacin, don baƙi da farare, maza da mata, su zauna aji ɗaya. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, kuma ɗan mai hali ba ya samun shiga. Kowane ɗalibi yana yin aiki aƙalla awa 10 a mako, a gona ko ɗakin girki ko ɗakin karatu ko wajen saƙa. Sauran nauyin yana kan ajiyar da masu kyauta suka tara mata shekara da shekaru, irin abin da malamanmu suke kira waƙafi. Karatun bai yi araha ba ko kaɗan. Wasu ne da suka riga mu gidan gaskiya suke biya wa yaran da ba su taɓa gani ba, kuma an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ajiyar ta kai dala biliyan 1.