Matar Da Ke Bayan Mota

Ina rubutu daga Junju, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou. Yau ba zancen taki ko na rigakafi na zo da shi ba. Zancen wani hoto ne, da gardamar da ya tayar a ajinmu na yaƙi da jahilci.

A ranin 2022, kafin a rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, na je Gaya sayayya. Manyan motoci sun yi layi suna jiran duwan. Cikinsu akwai wata gingimari mai bodin katako. A bayanta an yi wani zane da fenti. Na tsaya kallo har rana ta fara dukana.

Ga abin da na gani. Daga kai zuwa cibiya mace ce, fara, baƙin gashinta ya bazu har kafaɗa. Daga cibiya zuwa ƙasa kuwa kifi ce. Wata mesa ta naɗe mata ƙugu, ta hau, ta aza kai dab da kunnenta kamar mai yi mata raɗa. A hannun dama tana riƙe da madubi, a hagu mataji, ga agogo a wuyan hannu. Tana zaune bisa dutse tsakiyar ruwa. Ruwan nan babu kifi cikinsa, takardun kuɗi ne ke iyo. Can gefe ga wani kwalekwale, ba kowa ciki. Madubin kuma ba ita yake kallo ba. Ta juyo shi wajen mai kallo, kuma mai fenti ya bar cikinsa fari fat.

Na tambayi yaron motar. Ya ce, "Mamiwata ce." Na ce me take nufi? Ya ce, "Malam, ado ne kawai. Maigida ya biya, mai fenti ya zana." Na ɗauki hoton da wayata, na komo gida.

Daren Litinin na nuna ma ajin maza. Wayar ta bi hannu hannu ƙarƙashin fitila. Wani dattijo ya duba, ya miƙo ta da sauri, ya ce aljana ce, bai kamata a shigo da ita wurin karatu ba. Wani da ya taɓa zama cikin Sarkawa a bakin kogi ya yi dariya. Ya ce wannan ai ayu ce aka yi ma kwalliya. Ayu dabbar ruwa ce, tana nan cikin kogin Isa, tana cin ciyawa, tana shayar da ɗanta nono, shi ya sa masunta ke kamanta ta da mace. Sai wani saurayi da ke zuwa cin rani Kwatano ya ce duk ba haka ba ne. Ya ce a bakin teku kowa ya san ta. In ta so mutum sai ta ba shi dukiya ba lissafi. Amma da sharaɗi. Ba zai faɗa ma kowa ba, ba zai haɗa ta da wata mace ba, kuma sau da yawa ba zai ga ɗa nasa ba. Ran da ya karya alkawari, dukiya ta tafi, wani lokaci har da hankali.

Mutum uku, magana uku, hoto ɗaya. Na tashi na rubuta harafin "b" a allo. Na ce wannan fa? Duka suka amsa baki ɗaya. Na ce to, kun gani. Harafi an yi masa iyaka. Wanda ya karanta "b" ya ce "k", ya yi kure, ko shi sarki ne. Hoto ba a yi masa wannan iyaka ba. To, ke nan duk abin da mutum ya faɗa game da hoto daidai ne? Ko kuwa ma'anar tana wurin wanda ya zana, mu namu jira? Wannan tambaya ta hana ni barci, sai na shiga neman asalin matar.

Ku saurari abin mamaki. Macen nan mai gashi da maciji tana da mafari, kuma ba cikin ruwa ba ne. A shekarun 1880, a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, maɗaba'ar wani mai suna Adolph Friedländer ta buga wani hoto mai launi. Talla ce ta wata mata mai wasa da macizai a gidajen kallo na Turai, kamar yadda gardawa ke yi a kasuwanninmu. A hoton tana da gashi mai yawa, macizai sun naɗe ta, a gefe kuma an zana wani mutum yana busa ma macizai sarewa. Hoton ya biyo jiragen ruwa ya sauka gaɓar Afirka ta Yamma. A 1901 an ɗauki hoton wani abin wasan dodon ruwa a garin Bonny, kudancin Najeriya, wanda aka sassaƙa da kamannin matar nan. Daga baya, a 1955 da 1956, wani kamfanin buga kalanda mai suna Shree Ram, a birnin Bombai na Indiya wanda yanzu ake kira Mumbai, ya sake buga hoton har guda 12,000, aka aika ma ƴan kasuwa a Kumasi. Daga nan ya watsu. Wani malamin jami'a a Amurka, Henry Drewal, shi ya bi diddigin wannan labari.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata ku lura da shi. A hoton Jamus ba a nuna ƙafafun matar ba. Wajen ƙugu hoton ya tsaya. Mutanen bakin teku sun daɗe da labarin iskokin ruwa, kamar yadda Zabarmawa da Dandawa ke da labarin Harakoy Dikko, uwar kogi. Sun kuma saba ganin mace mai wutsiyar kifi da Turawa ke sassaƙawa a goshin jiragensu. Da suka ga mace ba ƙafa, sai suka cike sauran da abin da suka sani.

Da na kawo ma ajin wannan labari, dattijon nan ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "Ashe ƴar wasa ce mai neman abinci!" Ya karɓi wayar, wannan karon ya duba da kyau. Na ji daɗi, don tsoro ya fita. Amfanin sani ke nan. Amma saurayin Kwatano bai yi dariya ba. Ya zaro takardar jikka daga aljihu, ya ce, "Malam, wannan ma a Faransa aka buga ta. Takarda ce da tawada. Amma gobe in na kai ta kasuwa za a ba ni hatsi."

Na rasa amsa a daren nan. Yanzu ina ganin yaron ya fi ni gaskiya. Sanin inda abu ya fito ba ya share abin da mutane suka ɗora masa. Mai maɗaba'ar Jamus kuɗin talla yake nema. Bai san Kumasi ba, balle Gaya. In ma'ana tana wurinsa kaɗai, da hoton ya mutu ran da wasan ya tashi. Ga shi an haura shekara 130 ana sake zana shi a bangon shago da bayan mota. Abin da ba ya faɗa ma mutane komai ba ya irin wannan daɗewa.

Sai dai ban yarda kowace fassara daidai ce ba. Mai fassara hoto kamar mai bin sawu ne. Yana iya cewa akuya ce ta wuce ko tunkiya, a yi gardama. Amma ba ya cewa raƙumi ne alhali sawun ƙarami ne. Dole maganarka ta tsaya bisa abin da ido ya gani. To, mu bi sawun.

Rabinta mace, rabinta kifi. Ba ta tudu ba ce, ba ta ruwa ba ce. Kyakkyawa ce, amma ba ka iya kawo ta gida. Ba ta da ƙafar zuwa rijiya, ko gaisuwar mutuwa, ko gidan suna. Ashe akwai irin dukiyar da haka take. Tana da kyau daga nesa, amma ba ta shiga dangi. Mai ita ba ya iya faɗin inda ya same ta, ba ya iya ci da ƴan uwa a fili. Mun san fatake da suka yi arziki da goro, da shanu, da gishirin Foga, kowa ya san hanyar da suka bi, ana cin tuwo a zaurensu. Mun kuma san wanda ya tafi da riga ɗaya, ya komo da mota cikin shekara, in an tambaye shi sana'arsa sai ya kau da kai.

Mesa kuma ba sara take yi ba. Naɗewa take yi a hankali, tana matsewa. Wanda ya taɓa cin bashi mai ruwa ya san wannan runguma. Agogon hannu, mataji da madubi duk kayan kanti ne, kayan da suka zo daga teku. Manomi da rana yake aiki, da damina yake lissafi. Agogo na mai albashi ne da mai bin bashi.

Me ya sa direba zai so irin wannan hoto a motarsa? Ina jin don hanya ita ma haka take. Tana kawo arziki, tana cin rai. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta zauna Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta labaran da Arawa ke bayarwa na iskokin da ke tare matafiya bisa kwalta, wasu cikin siffar kyawawan mata. Direban da ke kwana bisa hanya ya san abin da ke ciyar da shi yana iya kashe shi. Ko da ya ce ado ne kawai, cikin ado dubu wannan ya zaɓa.

Madubin nan da aka juyo mana shi ya fi tsaya mini a rai. Dattijo ya duba ya ga aljana, don abin da yake tsoro ke nan. Mai zama cikin Sarkawa ya ga ayu, don ita ya sani. Saurayi ya ga kuɗi da sharaɗinsu, don shi ne ke kan hanya. Ni malami na duba na ga darasi. Na ɗauka na gama fassara, har ina jin kaina.

Ran Laraba bayan la'asar na kai hoton ajin mata. Nan aka sauke mini girman kai. Wata tsohuwa, wadda shekarunta sun kai na mahaifiyata, ta duba ta ce, "Ɗana, wa ya zana?" Na ce mai fenti. "Namiji?" Na ce galibi maza ne, Inna. "Wa ke tuƙa motar? Wa ke tafiya neman kuɗin?" Na ce maza. Ta ce, "To, kwaɗayin naku ne. Don me kuka ba shi fuskar mace?" Ajin ya ɗauki shewa. Ban da abin cewa. Matar hoton Jamus aikinta take yi don ta ci abinci. Aka ɗauki fuskarta aka rataya mata laifin zuciyar maza. Mu ma a gari, in yaro ya lalace a birni, da wuya a ce ya zaɓa. Sai a ce wata ce ta juya masa kai.

Sannan suka nuna mini abin da muka tsallake. Mu maza mun ga kwalekwalen nan, muka ce wanda Mamiwata ta ja ƙasan ruwa ne, muka wuce. Matan suka tsaya kansa. Wata mai goyo ta ce, "Malam, wannan ai gida ne. Mai shi ya fita, bai mutu ba, bai dawo ba." Mijinta ya shekara uku a kudu. Ba saki, ba saƙo. Ita ke noma, ita ke biyan magani. Ba ta ɗaga murya ba da ta faɗi haka, ta koma kan allonta.

Kada wani ya ce malamin Junju ya hana cin rani. Ban hana ba, ba ni da ikon hanawa. Shekarun da damina ta yi gardama, kuɗin ƴan cin rani ne suka sayi hatsi a gidaje da yawa, har da namu. Yunwa ke korar mutum, ba son yawo ba. Abin da hoton ke tambaya shi ne me aka karɓa a hannunka kafin a ba ka. In gumi ne da kewar gida, wannan ciniki ne da aka saba. In sunanka ne, ko gaskiyarka, ko matar da ka bari da ƴaƴa ba labari, to, ka duba ko ba da Mamiwata ka ƙulla ba, ko da ba ka taɓa ganin teku ba.

Saurayin nan ya sake tafiya bayan girbi. Daren da zai tashi ya tsaya bayan an watse. Ya ce in koya masa rubuta saƙo a waya da hannunsa, don ya gaji da ba wani yana rubuta masa sirrin gidansa. Muka fara a allo. Ya rubuta, "Inna ina lafiya. Ga kudi. Zan dawo kafin shuka." Na nuna masa ya manta ƙugiyar "ɗ". Ya goge da gefen hannu, ya sake, ya sake, har sau uku. Sannan ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan matarsa.