Shin Faɗin Ciwo Yana Tauye Haƙuri?

An ruwaito cewa Imamu Ahmad ɗan Hambali, a ciwonsa na ajali a Bagadaza shekara ta 241 bayan hijira, da aka gaya masa cewa Ɗawusu, ɗaya daga malaman magabata, ya karhanta nishin majinyaci, sai ya kame bakinsa har ya cika. Kuma daga irin wannan tsantseni ne wasu suka fahimci cewa duk wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ke cin ransa ya tauye ladan haƙurinsa. To, ina hukuncin iyayen da ke haɗuwa musamman domin su zanta a kan lalurar 'ya'yansu?

Akwai wata lalura da likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan AMC, wadda ake haihuwar jariri da ita gaɓoɓinsa a sandare, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, wuyan hannu a karkace, sau da yawa ƙafa ta juya ciki. Wani likitan Jamus, Adolph Otto, ya siffanta ta a 1841, kuma sababinta shi ne ƙarancin motsin ɗan tayi, domin gaɓa da motsi take ginuwa, in ta rasa shi sai nama ya ɗaure ta. Tana samun kamar jariri 1 cikin 3,000, wato ungozoma tana iya tsufa a sana'arta ba ta gan ta ba. Don haka iyaye a Amurka da Ingila suka kafa ƙungiyoyi, har ana sa shuɗin tufafi ranar 30 ga Yuni domin sanar da jama'a.

Wanda ya dubi abin da ake faɗi a zamansu zai tarar galibinsa ilimi ne: yadda uwa za ta riƙa miƙar da gaɓar jariri a hankali duk lokacin da ta canza masa ƙyalle, yadda ake sauya filastar ƙafa mako-mako, yadda yaron da gwiwar hannunsa ba ta da ƙarfi zai jingina hannu a bakin tebur ya sunkuyo ya kai loma bakinsa, ko ya riƙe alƙalami da yatsun ƙafa, tunda yawancin yaran nan hankalinsu lafiya lau yake. Ibnul Ƙayyim ya rarrabe tsakanin kai ƙarar Mahalicci wurin halitta, wanda shi ne ke warware haƙuri, da ba da labarin hali ga likita ko aboki domin neman mafita, wanda babu laifi a cikinsa. Imamu Gazali kuwa ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya. A ganina, ilimin da babu gari ɗaya da zai iya tara shi, saboda ƙarancin masu lalurar, tara shi ya hau kan waɗanda aka jarraba, su miƙa wa na bayansu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun da muke lulluɓewa da sunan tawakkali, inda ake ɓoye jariri a ƙuryar ɗaki don gudun a ce ɗan ruwa ne, ko a ɗora wa uwa laifi, alhali watannin farko su ne lokacin da gaɓa ta fi karɓar gyara. Imamu Ahmad nishin kansa ya danne, ba haƙƙin wani ba, shi kuwa jariri amana ne a wuyan waliyyinsa, wanda shari'a ba ta ba shi ikon yafe maslahar yaron a madadinsa ba.