Gasar talabijin da rufin asirin dangi

A shekarar 2006 tashar M6 ta ƙasar Faransa ta soma wata gasa mai suna Pékin Express. Ana shiga bibbiyu, sau da dama uba da ɗiyarsa ko wa da ƙanensa, a ba kowa Yuro guda a rana, wato sefa 656, a sake su bisa hanyar dubban kilomitoci suna roƙon mota da makwanci wurin baƙin ido, kyamara na biye da su. Wanda ya taɓa kallo ya san irin tambayar da kan taso bayan shiri: da za a ce mutum ya zo da ɗan uwansa mai wuyar hali, mai saurin fushi ko mai gori, ya dace ya amsa?

Masu cewa a tafi suna da hujja. Ga kuɗi, ga buɗe ido, kuma wahalar hanya takan narkar da gabar da zaman gida ya kasa narkarwa. Sai dai hujjar ta manta da na ukun da ke cikin tafiyar, wato mai shirin, wanda ba sulhu ya kawo shi ba. Ɗan uwa mai wuyar hali shi ne hajarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa tun ranar tantance ƴan takara tsagar yake nema. A 2009 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta yanke cewa waɗanda suka shiga shirin L'Île de la tentation ma'aikata ne, tunda ana tsara musu lokaci ana kuma ba su umarni. In aiki ne, to sai a tambaya wane kaya ake sarrafawa. A gasar iyali, saɓanin gida ne.

Amurka ta ga misalin tun da wuri. A 1971 aka shafe wata bakwai ana ɗaukar rayuwar iyalin Loud a garin Santa Barbara, aka tara kimanin sa'o'i 300, aka tace su zuwa kashi 12 da aka nuna a 1973. Miliyoyin mutane sun kalli uwargidan tana ce wa mijinta ya bar gidan. Daga baya iyalin sun koka da yadda aka zana su. Ba a ƙaga musu magana ba; zaɓa aka yi, kuma zaɓen ya isa.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma abin da ke riƙe da zumunci shi ne mantuwa. Wa da ƙane sukan yi cacar baki kan gona ko gado, kawu ya zaunar da su, ranar salla a yafi juna, bayan shekara biyar babu mai iya maimaita ainihin kalmar da aka faɗa. Kowa ya ɗan gyara labarin a ransa yadda zai iya zama da shi. Wannan ƴar ƙaryar, in ƙarya ce, rahama ce. Kyamara ba ta barin wannan ƙofa. Kalmar na nan da muryarta da fuskar mai faɗinta, yau kuma guntun bidiyo ya ishi waya ta kai shi duk inda dangi suke.

Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne mai wuyar halin. A gida an san sauran rabinsa: shi ya biya kuɗin asibiti, shi ya kwana a gidan makoki. Mai kallo bai san ko ɗaya ba, minti uku na fushi kaɗai aka miƙa masa. Balle ma kowa mai wuyar hali ne a idon wani, kuma mai gayyatar ba shi da tabbacin cewa ba shi za a zaɓa ya zama mugun labarin ba.

Ana iya cewa ai dukansu manya ne, sun sa hannu da yardarsu. Amma asirin gida ba na mutum biyu ba ne da za su sayar. In gori ya ɓarke a gefen hanya, sunan mahaifiya zai fito, da na matar wa, da tsohon bashin da aka binne. Waɗannan ba su ga takardar ba, kuma ɗan da zai shiga aji washegari a gaban abokan da suka kalli babansa yana zagin baffansa, babu wanda ya nemi shawararsa.