Tsohon Haske: Wa Muke Gani Idan Mun Kalli Tauraro?

Mai karatu, wannan karon ba sharhin fim na zo maka da shi ba, kodayake zancen taurari ne. Biki ya kai ni Kebbe a cikin hunturu. Da daddare hazo ya lafa, garin ba wuta, sai na ɗaga kai sama. Wani dattijo da ke jin wuta ya ce mani, "Yaro, mi kaka dibi?" Na nuna masa taurarin nan uku da suka jeru a bayan kaza da 'ya'yanta, cikin rukunin da Larabawa ke kira Jauza'u, Turawa kuma Oriyon.

Kusa da ukun nan akwai wani ɗan dishi-dishi kamar hayaƙi. Gajimare ne na iskar gas da ƙura, wanda masana suka yi wa lamba M42. A cikinsa iskar ke dunƙulewa, ta yi zafi, har ta kama ci ta zama sabon tauraro. Wato ɗakin haihuwar taurari ne. Na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba a 1990, da ta James Webb a 2021, duk sun ɗauko hotunansa.

To ga abin da ya hana ni barci. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya shafe kimanin shekara 1,350 kafin ya iso mana daga can. Hasken da na gani a Kebbe ya baro gida tun zamanin Umayyawa. Lokacin da Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, ya riga ya haura shekara dubu a hanya. Ka ga kenan ba gajimaren yau na gani ba, tsohon hotonsa ne.

Mu masu kallon fim ai mun san wannan. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, amma ka sa fim ɗinsa yanzu, ga shi nan yana murmushi. Wannan ba ya cutar da kowa. Inda cutarwar take shi ne kan rayayyu. 'Yar fim ta yi aure, ta hayayyafa, amma duk inda ta shiga rawar da ta yi a wani tsohon kaset ake gani. Yaro ya yi shaye-shaye ya tuba, ya je neman aure, sai a tono masa abin da ya binne shekara goma. Mai bincike kuwa ya rantse gaskiya ya faɗa.

Za ka ce ai ba ƙarya ya yi ba. Haka ne, tsohon haske ba ƙarya ba ne, abin ya faru. Amma masanin taurari ba ya kawo hoto sai ya faɗi shekarun da hasken ya yi a hanya. Mu kuwa sai mu kawo labarin mutum mu ɓoye kwanan watansa, kuma a nan zaluncin yake.

Don haka idan an tambaye ka halin wani, ka fara tambayar kanka: yaushe rabona da shi? Ta yiwu inda kake ganin hayaƙi, wani sabon mutum ne ake haihuwa.

Allah ya rufa mana asiri. Sai wata mai zuwa.